Wane Ne Ke da Fim, Darakta ko Kamfanin da Ya Zuba Kuɗi?

Tambaya: Malam, na kalli Justice League wanda ya fito a 2017, daga baya kuma na kalli wani mai kusan wannan suna da ya fito a 2021 wanda ya kai sa'a huɗu, sai na tarar da labari biyu mabambanta alhali jaruman ɗaya ne. Haka kuma nakan ga an rubuta Director's Cut a jikin wasu fina-finai. Shin wannan shi ne fim na gaskiya, wanda aka nuna a sinima kuwa kamfani ne ya lalata shi? Kuma me zai sa kamfani ya ɗauki darakta aiki, sannan ya hana shi sakat?

Amsa: Ɗan'uwa, na gode da wannan tambaya, domin ta taɓo rigimar da ta girmi duk wani mai sana'ar fim da ke raye a yau. Akwai fina-finan da kamfani ya yi wa illa mai tsanani, ba a gane ƙimarsu ba sai da zubin darakta, wato Director's Cut, ya fito. Akwai waɗanda sa bakin kamfani ne ya cece su. Akwai kuma waɗanda aka liƙa musu wannan suna don kawai a sake sayar da faifai. Abin da zan gina bayanina a kansa shi ne, lokacin da kamfani ya sa baki ya fi yawan bakin da ya sa muhimmanci. Idan ya yi gardamarsa tun fim yana kan takarda, sau da yawa fim yakan amfana. Idan kuwa ya amince da labari, ya saki kuɗi, aka gama ɗauka, sannan tsoro ya kama shi ya nemi edita ya fitar masa da wani fim dabam daga hotunan da aka riga aka ɗauka, a nan ne ɓarna take aukuwa.

Sai mu fara da doka, domin ita ce tushen komai. A Amurka, kamfanin da ya biya kuɗin aikin shi doka take ɗauka a matsayin mai fim, darakta kuwa ma'aikaci ne da aka ɗauko haya, komai girman sunansa. Ƙungiyar daraktocin ƙasar ta daɗe tana fafutukar rage wannan rauni, kuma a 1964, ta hannun wani kwamiti da Frank Capra ya jagoranta, ta samo wa 'ya'yanta haƙƙin su fara haɗa fim ɗinsu yadda suke so kafin kowa ya taɓa shi. A manyan fina-finai, ana ba darakta aƙalla mako 10 ya zauna da edita, kuma ba a yarda wani ya riƙa yanka a bayansa ba a tsawon wannan lokaci. Da zarar ya miƙa aikin, iko ya koma hannun kamfani, wanda zai iya ragewa, ya sauya jerin fitowa, ya sa a sake ɗaukar ƙarshen labari, ko ya sauya kiɗa. Ka ga ke nan kowane babban fim yana da zubin darakta a wani mataki na aikinsa, sai dai mafi yawansu ba sa fita daga ɗakin tace hoto. Abin da ake rububi a kansa a kwantiragi shi ne ikon yanke hukuncin ƙarshe, kuma daraktoci ƙalilan ne suke samun sa, irin su Steven Spielberg da James Cameron da Christopher Nolan. Su ma akan ɗaure su da sharuɗɗa: kada fim ya wuce mintoci kaza, kada ya zarce kasafin da aka yi, kuma ya samu lambar shekarun masu kallo da aka yi alkawari. Wanda ya saɓa sharaɗi yana iya rasa ikon.

A Faransa lamarin ya sha bamban. Dokarsu ta 1957 ta ɗauki darakta a cikin mawallafan fim, kuma ba a cewa fim ya kammala sai shi da furodusa sun yarda da zubin ƙarshe tare. Har a 1991 babbar kotun ƙasar ta goyi bayan magadan darakta John Huston, waɗanda suka ƙi amincewa a nuna fim ɗinsa The Asphalt Jungle bayan an shafa masa launi, alhali shi baƙi da fari ya ɗauka. A Amurka magadan ba su da irin wannan hujja.

Dalilin da ke sa kamfani ya hana darakta sakat kuwa lissafi ne, kuma bai kamata a raina lissafin ba. Fim ɗin da aka kashe wa dala miliyan 200 yakan buƙaci sama da miliyan 100 na talla, gidajen sinima kuma suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, a ƙasar Sin ma kashi 25 cikin ɗari kacal kamfanin waje yake samu. Saboda haka sai fim ya tara ninki biyu ko fiye na kuɗin da aka kashe masa kafin a fara maganar riba. Tsawon fim yana shiga wannan lissafi kai tsaye, domin zauren da zai nuna fim mai sa'a biyu sau biyar a rana, da ƙyar zai nuna mai sa'a uku da rabi fiye da sau uku. Lambar shekaru ma haka: tun da aka ƙirƙiro lambar PG-13 a 1984, wadda ke gargaɗin iyaye amma ba ta hana matasa shiga, kusan duk fim mai tsada ita yake nema, domin lambar R tana hana matashin da bai kai shekara 17 ba shiga sai da babba, matasa kuwa su ne ƙashin bayan kasuwar. Sannan akwai nunin gwaji, inda ake tara wasu ɗaruruwan mutane su kalli fim kafin ya fita, a raba musu takardu su rubuta abin da suka so da abin da suka ƙi. Shugaban kamfanin da kujerarsa ta dogara ga fim ɗaya yakan karanta waɗannan takardu da fargaba, kuma mafi yawan fina-finan da aka lalata, daga daren nunin gwaji aka fara lalata su.

Misalin da ya fi ciwo a tarihin Holiwud shi ne na Orson Welles. Kamfanin RKO ya ba shi cikakken iko a fim ɗinsa na farko, Citizen Kane na 1941, amma kafin na biyu, The Magnificent Ambersons, an sake kwantiragi ya rasa wannan iko. Ya gama ɗauka, ya tafi Birazil yin wani aiki, ya bar wa edita Robert Wise zubi mai minti 131. A watan Maris na 1942 aka yi nunin gwaji a garin Pomona na Kalifoniya, gaban mutanen da suka zo kallon fim ɗin waƙe-waƙe da raha, wata uku bayan harin Pearl Harbor ya jefa Amurka cikin yaƙi. Labari ne na gidan arziki da ke rushewa a hankali, kuma mutanen da ke zauren ba shi suka zo nema ba, don haka da yawansu suka rubuta baƙaƙen maganganu. Kamfani ya zaftare sama da minti 40, ya sa aka ɗauki sabon ƙarshe mai sanyaya zuciya ba tare da Welles ba, ya saki fim mai minti 88. Mai kiɗan fim ɗin, Bernard Herrmann, ya ce a cire sunansa. Daga baya aka lalata hotunan da aka yanke, har yau ba a gano ko kwafi ɗaya na cikakken zubin ba. Bayan duk wannan aika-aika, fim ɗin bai mayar da kuɗinsa ba, kuma wannan abu ne da ke maimaituwa: yankan da aka yi don ceto kasuwa sau da yawa ba ya ceto kasuwar.

Adalci kuma ya wajabta a faɗi abin da ya sa kamfanoni suka ƙara riƙe linzami. Michael Cimino ya lashe Oscar da The Deer Hunter na 1978, sai kamfanin United Artists ya sakar masa mara a Heaven's Gate. An fara da kasafin da bai kai dala miliyan 12 ba, aka ƙare a kusan miliyan 44. Zubin da ya fara nuna wa shugabannin kamfani ya wuce sa'a biyar. An saki mai minti 219 a Nuwamban 1980, masu sharhi suka yi masa ca, aka janye shi bayan mako guda, aka dawo da mai minti 149 a 1981, duk abin da ya tara a Amurka bai wuce dala miliyan 3.5 ba. A wannan shekara masu kamfanin suka sayar da shi ga MGM. United Artists kuwa kamfani ne da Charlie Chaplin da Mary Pickford da Douglas Fairbanks da D. W. Griffith suka kafa a 1919 musamman don masu fasaha su mallaki aikinsu, shi ya sa faɗuwarsa ta zama hujja a bakin duk wani shugaban kamfani da ke son taka wa darakta birki. Abin lura shi ne, a 1982 wata tashar talabijin ta Los Angeles mai suna Z Channel ta nuna dogon zubin, mutane suka fara sauya ra'ayi a kansa, kuma daga irin wannan ne aka gane akwai masu sha'awar ganin abin da aka ɓoye musu.

Sergio Leone ya nuna Once Upon a Time in America a bikin Cannes na 1984 da minti 229. Ginin fim ɗin gaba ɗaya a kan tunanin wani tsoho yake, yana kai da komowa tsakanin ƙuruciyarsa da ƙarfinsa da tsufansa. Masu rarraba shi a Amurka suka rage shi zuwa minti 139, suka jera fitowa daga farko zuwa ƙarshe bisa shekaru, sai nadamar da ke riƙe da labarin ta ɓace, aka bar tarin faɗace-faɗacen 'yan daba. Shi ne fim ɗin Leone na ƙarshe, ya rasu a 1989.

Fim ɗin da ya mayar da zubin darakta haja ta kasuwa shi ne Blade Runner na Ridley Scott. Da kuɗin aikin ya zarce kasafi, waɗanda suka tsaya wa fim ɗin lamuni suka karɓe iko kamar yadda kwantiragi ya tanada. Nunin gwaji a Denver da Dallas ya nuna mutane sun rikice, sai aka sa Harrison Ford ya karanta bayani a kan hotuna daga farko har ƙarshe, aka kuma ƙara ƙarshe mai daɗi, inda jarumi da masoyiyarsa suke tafiya cikin mota a ƙasa mai tsanwa, da ragowar hotunan da Stanley Kubrick ya ɗauka daga jirgin sama don The Shining. Wannan ƙarshe ya ƙaryata duk duniyar da fim ɗin ya gina, domin idan akwai irin wannan ƙasa mai lafiya a kusa, babu dalilin da zai sa mutane su cunkushe a birnin da ruwa da hayaƙi ba sa ɗaukewa. Ya fita a Yunin 1982, mako biyu bayan E.T., bai yi kasuwa ba. A 1990 aka nuna wani tsohon kwafin gwaji a Los Angeles, jama'a suka yi tururuwa, sai Warner Bros. ya ga akwai kuɗi, ya fitar da zubin 1992 da sunan darakta. An cire bayanin murya, an cire ƙarshen mai daɗi, an saka mafarkin doki mai ƙaho ɗaya, wanda bai kai minti guda ba amma ya buɗe tambayar ko jarumin kansa ɗan Adam ne ko mutum ne na ƙira da kamfani ya ƙera. Sai dai Scott yana kan wani aiki a lokacin, umarni kawai ya aika, kuma bai gamsu ba. Zubin da ya yi da cikakken ikonsa sai a 2007 ya fito. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa sunan da ke jikin faifai ba shaida ba ne.

Wanda na fi so ka nema ka kalla da kanka shi ne Kingdom of Heaven na 2005, shi ma na Scott, domin babu inda ake ganin illar yanka a fili kamar nan, kuma labarin ba baƙo ba ne a wurinmu: ƙwace birnin Kudus da Salahuddin Ayyubi ya yi daga hannun 'yan Salibiyya a 1187, inda ɗan wasan Siriya Ghassan Massoud ya fito a Salahuddin. Kamfanin 20th Century Fox ya kashe kimanin dala miliyan 130, yana son fim ɗin yaƙi da soyayya mai gudu, don haka aka saki mai minti 144. Masu sharhi suka ce jarumin, Balian, ba shi da tushe: maƙeri ne a ƙauyen Faransa, ba a jima ba sai ga shi yana tsara kare ganuwar Kudus kamar wanda ya tashi a fagen fama. A zubin darakta, mai minti 194 idan an haɗa da kiɗan buɗewa da hutun tsakiya, an bayyana tun farko cewa ya taɓa zuwa yaƙi yana ƙera na'urorin rusa ganuwa. Limamin cocin da ya kashe a farkon fim kuwa ɗan'uwansa ne na jini, wanda hakan ya sa zunubin da ya kai shi Kudus neman gafara ya yi nauyin da ya kamata. Mafi girman abin da aka cire shi ne ɗan gimbiya Sibylla gaba ɗaya. A cikakken zubin, yaron ya gaji sarauta bayan kawunsa Baldwin na Huɗu, uwar ta gano shi ma ya kamu da kuturta irin ta kawun, ta kasa jure ganin ya bi wannan hanya, ta ba shi guba da hannunta. Tarihi ya tabbatar da cewa yaron ya rasu a 1186 yana ƙarami, kuturtar da gubar kuwa ƙirƙirar marubuci ce, amma a cikin fim su ne dalilin da ya sa matar ta karye, ta miƙa mulki ga mijin da ta san zai jawo yaƙi, ta aske gashinta. A zubin sinima duk wannan yana faruwa babu dalili, sai mai kallo ya ɗauka mace ce marar kan gado. Yaƙe-yaƙen kusan duk an bar su, dalilan da ke sa mutane yin abin da suke yi ne aka zubar. Irin wannan yanka shi na fi ƙi, domin a lissafin minti ƙarami ne, a jikin labari kuwa shi ne komai. Fim ɗin ya tara kimanin dala miliyan 47 kacal a Amurka, yau kuma da yawan waɗanda suka kushe shi suna lissafa dogon zubin cikin mafi kyawun ayyukan Scott.

Duk da haka ba zan bar ka da tunanin cewa kullum darakta ne mai gaskiya ba. World War Z na 2013 an riga an ɗauki kashinsa na ƙarshe, gagarumin yaƙi a Rasha, sai kamfanin Paramount da masu shiryawa suka ga bai haɗu da sauran labarin ba. Suka ɗauko sababbin marubuta, suka watsar da aikin miliyoyin daloli, suka ɗauki ƙaramin ƙarshe mai natsuwa a wani ɗakin bincike a Wales, kuma wannan sashe ne mutane da yawa suka fi yabo. Fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 540. Bambancinsa da na Welles shi ne, an koma kan takarda an sake rubutu, an kuma biya kuɗin sabuwar ɗauka mai ma'ana, maimakon a tilasta wa edita ya yi abin al'ajabi da almakashi. Fatal Attraction na 1987 kuma yana tsakiya: a asalin ƙarshensa matar da Glenn Close ta fito a matsayinta ita ta kashe kanta, masu kallon gwaji suka nemi a hukunta ta, aka sake ɗauka matar mutumin da take bibiya ta harbe ta. Close ta yi tirjiya kafin ta yarda. Kasuwa ta gaskata kamfani, domin fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 320, amma a ganina an mayar da mace mai ciwon zuciya dodo don a faranta wa zaure rai, kuma riba ba ta wanke wannan ba.

Sannan akwai zubin da sunan kawai yake ɗauke da shi. A 2003 an fitar da Alien na Ridley Scott da sunan zubin darakta, alhali Scott da kansa ya bayyana cewa na 1979 shi ne wanda ya gamsu da shi, sabon ma ya ɗan fi tsohon gajarta. Peter Jackson kuma ya sha faɗa cewa dogayen zubin The Lord of the Rings ƙari ne ga masoya, waɗanda aka nuna a sinima su ne zaɓinsa. Zamanin kaset da faifan DVD ya koya wa kamfanoni cewa za a iya sayar wa mutum ɗaya fim ɗaya sau biyu, don haka kamfanin da ya yanke fim a bara shi ne zai sayar maka da abin da ya yanke a bana.

Kada kuma a haɗa hannun kamfani da hannun hukuma, ko da yake sakamakon yakan yi kama. Masu kallon fina-finan Indiya a ƙasar Hausa sun san Sholay na 1975, inda 'yan sanda suka iso a ƙarshe suka kama Gabbar. Darakta Ramesh Sippy ya ɗauki ƙarshen da Thakur ya kashe Gabbar ne, hukumar tace fina-finan Indiya ta ƙi amincewa a zamanin dokar ta-ɓaci, ta ce tsohon ɗan sanda ba zai ɗauki doka a hannunsa ba. A nan darakta da furodusa, wanda mahaifinsa ne, suna gefe ɗaya, gwamnati ce ta sa almakashi.

Yanzu mu zo kan fim ɗin da ka tambaya. Warner Bros. ya san salon daraktan fim ɗin, Zack Snyder, sarai, domin shi ya yi musu 300 da Watchmen da Man of Steel, duk masu duhu da nauyi, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Batman v Superman ya fita a Maris na 2016, ya tara kusan dala miliyan 873 amma ya sha suka, alhali an riga an tsara fara ɗaukar Justice League a watan Afrilu, 'yan makonni bayan haka. Lokacin da ya dace kamfani ya tsaya ya sake tunani ke nan, amma ya bar aiki ya ci gaba yana ta ƙoƙarin sauya akalarsa a kan hanya. A Mayun 2017 Snyder ya janye bayan rasuwar 'yarsa, Joss Whedon ya karɓa, ya sake rubutu da ɗauka da yawa, aka cusa barkwanci, aka haskaka launi, aka sauya mai kiɗa, aka kuma ƙayyade cewa kada fim ya wuce sa'a biyu. Ba a ɗage ranar fitarwa ba. Henry Cavill yana tsakiyar aikin Mission: Impossible na kamfanin Paramount da gashin baki wanda ba a yarda ya aske ba, sai aka goge shi da kwamfuta cikin gaggawa, abin da kowa ya gani a fuskar Superman. Wanda ya fi cutuwa shi ne Cyborg, wanda Ray Fisher ya fito a matsayinsa: labarinsa da mahaifinsa shi ne zuciyar zubin Snyder, a na 2017 kuwa kaɗan ya rage. An kashe kusan dala miliyan 300, aka tara kimanin miliyan 658, wanda bisa lissafin da na yi maka a sama asara ce.

Amma ka lura da abu biyu game da na 2021. Na farko, matsin lambar masoya ya taimaka, sai dai abin da ya buɗe asusu shi ne Warner ya buɗe dandalinsa na kallo ta intanet, HBO Max, a Mayun 2020, yana neman abin da zai jawo masu biyan kuɗin wata-wata, shi ya sa ya ƙara kimanin dala miliyan 70. Na biyu, wannan zubi mai minti 242 da ya fita ran 18 ga Maris ba shi ne za a nuna a 2017 ba ko da Snyder bai janye ba, domin babu kamfanin da zai kai fim mai sa'a huɗu sinima a wancan yanayi, kuma an ƙara masa sabuwar ɗauka da aka yi a 2020. Na yarda ya fi na 2017 nesa ba kusa ba, saboda murya ɗaya ce ke magana daga farko har ƙarshe, amma na kuma yi imani cewa akwai fim mai kamar sa'a uku a cikinsa da zai fi duka biyun, wanda edita mai ƙarfin hali da kamfani mai haƙuri za su iya fitarwa.

Daraktan da aka ƙwace wa fim ba shi da makami mai yawa. Daga 1969 ƙungiyar daraktoci ta riƙa ba wanda ya tabbatar an ɓata masa aiki damar cire sunansa a sa Alan Smithee, sunan da ba na kowa ba. David Lynch ya yi haka da dogon zubin Dune da aka haɗa wa talabijin ba da yardarsa ba. An daina amfani da sunan a 2000. Terry Gilliam kuwa fili ya fito: da Universal ya riƙe Brazil a 1985 yana shirya zubi mai minti 94 da ƙarshe mai daɗi, sai ya sayi shafi a mujallar Variety yana tambayar shugaban kamfanin, Sid Sheinberg, yaushe zai saki fim ɗinsa, ya kuma riƙa nuna wa masu sharhi a ɓoye. Da ƙungiyar masu sharhi ta Los Angeles ta zaɓe shi gwarzon fim na shekara tun bai fita ba, kamfani ya sauko ya saki mai minti 132 da Gilliam ya yarda da shi.

Idan ka ga zubi biyu na fim ɗaya, tambayoyin da za su yi maka jagora su ne ko daraktan da kansa ya zauna ya haɗa shi, da kuma mene ne aka mayar. Idan abin da aka mayar yana bayyana dalilin da ya sa wani ya aikata abu, ko ya sauya ƙarshen labari, to ka nemi dogon. Idan ƙarin faɗa ne da ƙarin hira waɗanda labari ya tafi lafiya ba tare da su ba, na sinima ya wadatar.

A yau ikon yanke hukuncin ƙarshe yana bin wanda sunansa kaɗai ke cika zaure. Cameron ya ƙi rage Titanic daga minti 194 a 1997 duk da kuɗinsa ya kai dala miliyan 200, kuma ya tara sama da biliyan 1.8 a fitowarsa ta farko. Nolan ya bar Warner bayan kamfanin ya yanke shawarar sakin fina-finansa na 2021 a sinima da intanet rana ɗaya, ya kai Oppenheimer ga Universal, fim mai sa'a uku da lambar R, ya tara sama da dala miliyan 950. Ryan Coogler ya ƙara taku ɗaya a Sinners na 2025, inda ya samu ikon hukuncin ƙarshe daga Warner tare da sharaɗin cewa mallakar fim ɗin za ta dawo hannunsa bayan shekara 25. A gefe guda kuma, a fina-finan da kamfani ke da jaruman labarin tun asali, darakta ya fi kowane lokaci sauƙin sauyawa: Lucasfilm ya sallami Phil Lord da Christopher Miller daga Solo a Yunin 2017 ana dab da gama ɗauka, Ron Howard ya sake ɗaukar kaso mai yawa, a Agustan 2022 kuma Warner ya ajiye Batgirl gaba ɗaya bayan an kashe masa kusan dala miliyan 90 an kuma gama ɗaukarsa, bai fita a sinima ba, bai fita a intanet ba.